GYARAN GIDA A HANNUN TSOFAFFI
Jawabin da aka karanta a taron ƙungiya

Kwamiti ya ɗora mana yin magana a kan wani abu da ya shafi kusan kowane gida a ƙasar Arewa, watau gyaran gida da kayan cikinsa a lokacin da mai gida ya tsufa, ɗiyansa kuma suna nesa. An ce a buga jawabin a takardar ƙungiya, don a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kowa ya san yadda garuruwanmu suke zama in kaka ta wuce. Daga Sukukutan da Dogon Kirya, ka biyo ta Matankari da Dogon Dutsi da Kyeshe, har Kore Mairuwa da Tibiri da Dumega da Geceme, da an ɗaure dammunan hatsi an sa a rumbu sai samari su kama hanya. Wasu Yamai, wasu Sakkwato ko Legas, wasu Kwatano, wasu Abijan, wasu har Libiya. Tafiyar nan ba yau aka fara ta ba, amma tun yunwar 1973 da 1974, da wadda ta biyo a 1984, ta zama kamar dole. A da mai bida yakan komo tun kafin ruwan shuka, yanzu kuwa da yawa sai su yi shekara biyu ko uku ba a gan su ba. To, watannin da samari ba su nan, watau rani da bazara, su ne kuma watannin gyaran gida. Sai aikin ya faɗo a kan wanda ya rage: tsoho, da matarsa, da jikoki ƙanana.

Ginin ƙasa gini ne mai kyau, yana da sanyi da rani, yana da ɗumi da hunturu, amma kowace shekara yana neman hakkinsa. Hakkinsa kuwa shi ne yaɓe. A samo ƙasa mai danƙo, a zuba mata ramno da kashin dabbobi, a kwaɓa, a bar ta ta kwana da kwanaki ana ƙara mata ruwa har ta ruɓa, sa'an nan a yaɓa. Wanda ya kwaɓa da safe ya yaɓa da la'asar, ruwan farko zai wanke masa aikinsa. Iyayenmu sun san wannan fiye da mu, har da makuba ta kwasfar ɗorawa wadda ke hana ruwa cin bango, ko da yake ɗorawar ta yi wuyar samu yanzu.

Wuri biyu ruwa yake kama ɗaki. Na farko bisa: indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasar rufin ta sha ta yi nauyi, azarar da gara ta riga ta ci ta ciki ta kasa ɗauka. Na biyu ƙasa: ruwan da ke zuba daga indararo, ko wanda ke gudu a tsakar gida, ya riƙa cin gindin bango a hankali har bangon ya rasa abin da yake tsaye a kai. Dukansu biyu ba su faɗa wa mutum ranar da za su yi ɓarna, kuma sau da yawa da dare ne, mutane suna kwance. Ba mu manta da damanar 2024 ba. A shekarar nan ruwa ya kashe mutane fiye da 300 a ƙasar Nijar, ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, da yawa daga cikin waɗanda suka rasu kuwa ɗaki ne ya faɗa musu. Ranar 3 ga watan Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya yi fiye da shekara 150 a tsaye, ya rushe. Har buɗe lakwal sai da aka ɗage zuwa ƙarshen watan Oktoba, saboda waɗanda gidajensu suka faɗi suna zaune a cikin azuzuwa.

Bayan wannan, gwamnati ta rage kuɗɗin siminti a watan Oktoba na shekarar, mutane da yawa suka ce to bari mu shafe bangon ƙasa da siminti mu huta. A nan muna jan kunne. Siminti da ƙasa ba su cika riƙe juna ba. Rana ta buga, sanyi ya buga, simintin ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita domin simintin ya rufe shi, sai ƙasar ta riƙa narkewa daga ciki, daga waje kuwa bango yana nan fes. Wanda ya riga ya yi irin wannan shafe, ya riƙa ƙwanƙwasa bangon da hannu kafin damana: inda ya ji yana amsawa kamar ganga, to ya rabu da ƙasar, a ɓamɓare shi a sake. In da ɗan simintin da za a saya, ya fi amfani a gindin bango da kuma wurin da indararo yake zuba.

Yanzu bari mu zo ga maganar da ta fi nauyi, muna roƙon iyayenmu su yi mana gafara. Baba, ka san ɗakinka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka gina shi, kai ka aza azarar, kuma zuciyarka ba ta yarda ka zauna kana kallonsa yana lalacewa. Amma ƙafar da ta hau soro shekara talatin da suka wuce ba ita ce ta yau ba. Ido ya rage, jiri yakan zo ba sallama, musamman da zafin watan Afrilu ko ga mai hawan jini. Ƙashin tsoho kuma ba ya ɗoruwa kamar na yaro. In ƙugu ya karye, wannan ya fi ƙarfin maɗori. Sai a nemi mota zuwa Dosso ko Yamai, a sayar da akuya, a sayar da rago, wani lokaci har da hatsin da aka ajiye. Mutum ya yi watanni a kwance, wani ma ba ya sake tashi. Duk wannan don a tsimi ladan ɗan ƙwadago na yini ɗaya. Saboda haka abin da muke roƙo shi ne, duk aikin da sai an hau tsani ko kwaranga, ko an shiga rijiya don yasa, ko an ɗaga jinkar rumbu, dattijo ya tsaya a ƙasa ya ba da umurni. Wannan ba raini ba ne. Yaron da ke bisa bai san yawan ramnon da za a sa ba, bai san inda za a karkata rufi ruwa ya gudu ba, bai san sautin azarar da ta mutu ba. Kai ka sani. In ka faɗo, da wannan sanin duka ka faɗo.

Aikin da ke ƙasa kuwa yana da yawa, kuma babu mai hana ku. Zagaya gida da sanda ana duba hanyar gara, tara ƙasa a gindin bango don ruwa ya kauce, share hanyar ruwa zuwa waje, saƙar zana, tufkar igiya, ɗaure darni, sa wa kalme da gatari sabuwar ƙota. Iyayenmu mata su ne da daɓe da gyaran murhu da toshe ramin ɓera. Irin wannan aiki yana ma ƙara lafiya, domin tsohon da hannunsa ke motsi ya fi wanda ke zaune a inuwa yana jiran saƙo.

Sai kayan zamani, waɗanda mafi yawansu mu 'yan bida muka kawo su. A da rediyo ce da tocila da fitilar ƙwai. Yau ga salula, ga fanka, ga sola da batirinta, a cikin gari har da firiji da tukunyar gas. Kuran da kamfanin NIGELEC yake rabawa a yammacin ƙasar nan, da yawa daga cikinsa daga Nijeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi da aka ja tun 1976. Da aka yanke layin nan a watan Agusta 2023, har zuwa watan Maris 2024, mutane suka ga amfanin sola, gidaje da yawa suka sa. To amma sau nawa muka shiga gida muka tarar an jingine ta, ana cewa ta mutu? In ka duba, ƙurar hunturu ce kawai ta rufe gilashin. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi, wuta ta komo. Don haka ma muna ba da shawara, ƙaramar sola kada a kafe ta bisa rufi inda sai an hau. A yi mata mazauni a tsakar gida daidai tsawon mutum, inda inuwa da awaki ba su kai.

Batir shi ne mai tsada, shi ne kuma ake saurin kashewa. In irin mai ruwa ne, kada a ƙara masa ruwan rijiya, sai ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. In kawunansa suka yi farin gari, a kwance waya a kankare a ɗaure sosai. Kada a riƙa shanye shi ƙaf kowane dare har fitila ta mutu da kanta, wannan yana rage masa kwana. Kada kuma a ajiye shi kusa da murhu ko a ɗakin kwana marar taga, ruwan cikinsa yana cin fata da tufa. Rediyo da tocila, in za su daɗe ba a kunna ba, a cire pil, domin pil in ya tsufa yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Fankar da ke gurnani ba ta juyawa, sau da yawa ƙura ce da rashin mai. A cire ta daga wuta, a share, a ɗiga mata man keken ɗinki. Duk waɗannan dattijo yana iya yin su a zaune bisa tabarma, da tabarau a idonsa.

Amma kuran na waya, mai ƙarfin 220, ba abin gwaji ba ne. Ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ba a haɗa waya tsirara a naɗe da leda, ba a cire fis ɗin da ya ƙone a sa guntuwar waya a madadinsa, domin fis ɗin nan ya ƙone ne don gidan kada ya ƙone. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an cire ta, kada a buɗe. Batirin salula in ya kumbura, kada a huda shi, kada a ci gaba da sa masa caji. Gas kuma, in ana jin warinsa, ba a neman wurin yoyon da ashana. A rufe tukunyar, a buɗe ƙofa, a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, inda ya yi kumfa nan ne. Waɗannan aikin masu sana'a ne, akwai su a Dutsi da Tibiri, kuma ranar kasuwa sukan zo ƙauyuka.

Mu 'yan bida, kada mu ce maganar ta tsofaffi ce kaɗai. Yawancinmu muna aiko da kuɗɗi lokacin salla, ko lokacin da aka kira aka ce ɗaki ya faɗi. Kuɗɗin da za su sake gina ɗaki kuwa sun isa su yaɓe shi shekaru da yawa. Wanda zai aiko, ya aiko a watan Maris, ya faɗa a fili cewa wannan na yaɓe ne da ladan mai hawa bisa, ya kuma nemi a aiko masa da hoton aikin ta salula. Azarar giginya da ake kawowa daga wajen Gaya ta yi tsada, yankanta ma sai da iznin ma'aikatan gandun daji, saboda haka wadda ke jikin ɗaki a tsare ta daga gara tun ba ta lalace ba. Wanda zai kawo wa iyayensa wata na'ura, ya fara tambaya ko akwai mai gyaranta da kayan gyaranta a kasuwarmu. In ya kawo, kada ya kafa ya juya; ya zauna yini ɗaya ya nuna wa baba, ya nuna wa wani yaro na gidan, har su yi da hannunsu a gabansa.

Akwai kuma gidajen da ba su da kowa a waje, ba su da kowa a ciki: tsohon da ɗiyansa suka rasu, gwauruwar da ke riƙon marayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka ga zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché, sun tuna yadda samarin gari suke fita da kiɗa su gina aji ko su gyara hanya ba a biya su ba. Gayya kuwa ta girmi Samariya a ƙasar nan. Kwamiti yana kawo shawara gaban taro a kan abu biyu. A ware rana biyu a watan Afrilu, samarin da ke gida su bi irin waɗannan gidaje su yi yaɓe, su gyara indararo da jinkar rumbu, dattawa masu sanin gini su tsaya a kansu, ƙungiya ta ɗauki nauyin fura da goro. Sa'an nan a sayi kayan aiki na ƙungiya: tsanin ƙarfe mai ƙwari, baro, shebur biyu, guduma, zarto, filaya da sukudireba, a ajiye wurin ma'aji, mai bukata ya ara ya sa hannu a littafi ya maido. Tsanin dai ba za a ba da shi ba sai an faɗi sunan saurayin da zai hau.

An ƙiyasta in kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya ba da jikka guda, za a iya farawa. Wakilan Yamai da na Legas da na Kwatano su tattara na wurinsu su aiko kafin ƙarshen watan Fabrairu. Masu unguwa kuma su ba magatakarda sunayen gidajen da suka fi bukata, a fara da waɗanda ɗakinsu ya yi yoyo a damanar da ta wuce. Wanda ke da gyara ko ƙari a kan shawarar, fili nasa ne yanzu. Allah ya kai mu damana lafiya.