Matan da Ba Su da Matsuguni a Maiduguri

Shirin na yau zai duba halin da matan da ba su da matsuguni suke ciki a birnin Maiduguri.

Rashin matsuguni bai tsaya ga kwana a bakin titi ba, domin ya haɗa da zaman da mutum ba shi da iko a kansa, wato inda za a iya tashinsa ba tare da sanarwa ba. Irin wannan ne ya fi shafar mata, kuma shi ne ya fi ɓoyuwa, saboda kunya da tsoron fyaɗe suna sa mace ta raɓa a zauren wani, ko rumfar kasuwa, ko kango, wato ginin da ba a kammala ba.

Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ya koro jama'a daga Bama da Gwoza da Dikwa, ya kuma bar mata da yawa da marayu a hannu. Da gwamnatin Borno ta rufe sansanonin gudun hijira na cikin birni, ciki har da na Bakassi a 2021, wasu sun koma garuruwansu, wasu kuwa sun watsu cikin unguwanni. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta sake raba wasu da ɗan abin da suka tara.

A kango, buhu ne ƙyaure, kuma da yake babu makewayi, mace kan riƙe buƙatarta har duhu ya yi, lokacin da haɗarin fita ya fi yawa. Abinci yana zuwa ne daga wankau, ko ɗinkin hula, ko bara a Kasuwar Monday, kuma kuɗin da ake samu ba ya taruwa balle ya kai hayar shekara da masu gida suke nema a dunƙule.

Saki da mutuwar miji su ma suna jefa mata a wannan hali, alhali shari'ar Musulunci ta ba wadda aka saka haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama idda, ta kuma ba matar mamaci tumuni, wato ɗaya bisa takwas na gado, idan ya bar 'ya'ya. Tsare waɗannan haƙƙoƙi yana wuyan dangi da masu unguwa da alƙalai, kuma yin hakan zai hana mata da dama fita daga gida tun farko.

A nan shirin ya kawo ƙarshe.