Gidan Masana'anta da Matsalolin Karɓuwarsa a Nijeriya



Abin da Turawa ke nufi da wannan irin gini shi ne a ƙera bango da rufi da matakala a masana'anta, a ɗauko su a mota, a zo fili a harhaɗa. Birtaniya ta yi haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta tsai da gidaje fiye da 150,000 tsakanin 1945 da 1949. To, me ya hana mu?

Ba rashin bukata ba ne. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, gwamnatin Shagari kuma ta ƙudura gina gidaje 40,000 kowace shekara daga 1979, ba ta ko kusanci adadin ba. Masana'anta tana son lantarki marar yankewa, da hanyar da za ta ɗauki bangon kankare bai tsage ba, da injin ɗaga kaya. Waɗanda suka ga jiragen siminti fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin tashar Legas a 1975 sun san yadda sufuri ke kashe kyakkyawan shiri. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyaran injuna ma suka gagara.

Amma a ganina babban cikas yana wajen kuɗi da al'ada. Ma'aikacinmu ba ya gina gida rana ɗaya. Bana ya sayi fili, baɗi ya buga bulo ɗari biyar, in albashi ya yi albarka ya kai linta, ya tare tun ba a yi shafe ba. Masana'anta kuwa kuɗinta take so a dunƙule, bankin da zai ranta wa ƙaramin akawu kuma sai ya ga takardar mallakar fili, wadda samunta ƙarƙashin Dokar Filaye ta 1978 kan ci shekaru.

Sa'an nan gidan Bahaushe girma yake yi tare da iyali. A yi zaure, a yi turaka, a ƙara aure a ƙara ɗaki, ɗa ya girma a yanka masa sashe. Magini yakan fasa katangar ƙasa da safe ya fid da ƙofa kafin azahar. Bangon da aka zuba da rodi a masana'anta, in ka fasa shi ka taɓa ƙarfin ginin duka. Ga kuma zafi: siririn bangon kankare a Sakkwato cikin watan Afrilu yakan sha rana yini guda, ya yi ta amayar da ita cikin ɗaki har tsakar dare, abin da soron tubali da azara ba ya yi.