Shawara Ɗaukar Ɗaki: Shugabancin da Zai Riƙe Ƙananan Ikilisiyoyinmu

Jawabi ga fastoci, masu bishara, dattawa, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa na yankin Birnin Kudu da Gwaram

Nassi: Fitowa 18:13-26, Ayyukan Manzanni 6:1-7

 

GABATARWA

Tambaya ɗaya muka kawo yau. Idan aka wayi gari an yi wa fastonku canjin wurin aiki, ko ciwo ya kwantar da shi wata uku, me zai ci gaba a ikilisiyarku, me kuma zai tsaya? Wa zai bi da sujada ranar Lahadi? Wa zai yi jana'iza? Wa ya san inda takardar filin majami'a take? Amsar waɗannan ita ce ma'aunin shugabancinmu.

HALIN DA MUKE CIKI

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, mun san matsayinmu: mu 'yan kaɗan ne, a warwatse kuma muke. Ikilisiyoyinmu na wannan yanki, da ke iyaka da Jihar Bauchi, sun haɗa mutane iri uku. Akwai 'yan ƙasa manoma, Warjawa da Hausawa. Akwai ma'aikatan da aiki ya kawo, kamar na asibitin tarayya da ke Birnin Kudu, malaman makaranta, 'yan sanda da masu bautar ƙasa. Akwai kuma 'yan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi.

Kowane rukuni yana da lokacin tafiyarsa. Ma'aikaci takardar canji ɗaya ce ta raba mu da shi. Mai bautar ƙasa shekara guda yake yi. Samarinmu da an gama girbin gero da riɗi sai cirani, Kano ko Abuja ko Legas. Fasto kansa hukumar ɗarikarsa tana iya ɗauke shi. Da damina kuma ruwa kan yanke hanya, mai bishara ya kasa kaiwa ƙauyen da ake jiransa.

Mun ga abin da ya fi wannan. A watan Satumba na 2006 an ƙona majami'u da dama a Dutse. A 2020 annobar korona ta sa an hana taruwa a wurare da yawa har tsawon makonni. Ikilisiyar da ke zaune cikin irin wannan hali ba ta da damar rataya komai a wuyan mutum ɗaya. Babbar majami'ar birni tana iya rasa mutum biyar ba ta ji a jikinta ba. Mu kuwa mutum ɗaya ya tashi, wani lokaci har ƙofa sai an rufe.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA

Musa mutumin Allah ne, amma surukinsa Yetro ya same shi zaune yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, jama'a na tsaye suna jira. Bai yaba masa ƙwazo ba. Ya nuna masa cewa zai gajiyar da kansa, ya kuma gajiyar da jama'ar. Mu lura da wannan na biyun. Shugaban da ya tattara komai a hannunsa yana ganin shi kaɗai ke shan wahala, alhali mutanen da ke jiransa ma suna sha. Shawarar Yetro ita ce a nemi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, waɗanda ba sa cin hanci, a sa su bisa dubu, ɗari, hamsin da goma. Ikilisiyoyinmu da yawa ba su wuce hamsin ba. Ashe ko a cikin hamsin akwai gurbin shugabanni biyar na goma goma.

A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a Urushalima domin ana manta gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Rikici ne na harshe da na rabo, irin wanda muka sani sarai. Manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafi ba, ba su kuma naɗa nasu mutane a ɓoye ba. Sun tara jama'a duka suka ce su zaɓi mutum bakwai. Ku duba sunayen bakwai ɗin: dukansu sunayen Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya kawo kuka shi aka damƙa wa aikin.

Ba a daɗe ba tsanani ya tashi, masu bi suka warwatse, manzanni kaɗai suka rage a Urushalima. Waɗanda suka warwatse su ne suka kai bishara Samariya, Filibus ɗaya daga cikin bakwai ɗin yana gaba. Wasu mutanen Kubrus da Kurane, waɗanda ko sunayensu ba a rubuta ba, su suka yi wa Helenawa wa'azi a Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista. Da an hana su taɓa aiki a lokacin salama, da ba su iya komai ba a lokacin gudu.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Henry Venn, wanda ya zama magatakardan CMS a 1841, ya koyar cewa ikilisiya ba ta tsaya da ƙafafunta ba sai ta iya mulkin kanta, ta riƙe kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Abin da ya faru a Habasha ya tabbatar da maganarsa. A 1937 sojojin Italiya suka tilasta wa mishan na SIM barin ƙasar Wolaita. Waɗanda aka yi wa baftisma a can a lokacin ba su kai hamsin ba. Aka kama shugabanninsu, aka yi musu bulala, aka ɗaure wasu. Da 'yan mishan suka dawo a shekarun 1940, sai suka tarar da dubban masu bi, da ikilisiyoyi a ƙauyuka masu yawa, dattawa manoma ne ke bi da su.

A nan gida ma, an kafa ECWA a 1954, SIM kuma ta miƙa mata ragamar ayyukanta a 1976. Tun a ƙarshen shekarun 1940 'yan ƙasa suka fara aiken nasu masu bishara da kuɗin baikonsu, aikin da muka sani yau da sunan EMS. A shekarun 1960 Sabon Rai Don Kowa ya tsaya a kan cewa shaida aikin kowane mai bi ne, ya kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje. A Katolika da Angilikan, katikis ne ke riƙe da ƙauyukan da limami ba ya iya kaiwa kowane mako. Iyayenmu an miƙa musu aiki, sun karɓa, sun riƙe. Tambayar ita ce ko mu muna miƙa wa na bayanmu.

ABUBUWA SHIDA DA ZA MU RABA

1. Hidimar sujada. Kowace ikilisiya, komai ƙanƙantarta, ta sami aƙalla mutum uku da za su iya bi da sujada, su karanta Nassi, su yi gajeren wa'azi, su yi addu'ar jana'iza. Fasto ya zauna da su cikin mako ya duba abin da suka shirya. Ranar da ɗayansu ke wa'azi, fasto ya zauna ya saurara, ya gyara masa a keɓe.

2. Kuɗi. A 2 Korintiyawa sura 8, Bulus bai yarda gudummawar ikilisiyoyi ta zama a hannunsa shi kaɗai ba, ya tura Titus da wasu 'yan'uwa biyu, domin kada a sami abin zargi. Saboda haka mutum biyu ko uku su ƙirga baiko kafin a bar majami'a, su sa hannu. Mai ajiye kuɗi daban, mai rubuta lissafi daban, kada kuma su zama 'yan gida ɗaya. Hatsin baikon godiya a auna shi a gaban mutane, a rubuta buhu nawa, tiya nawa. A karanta rahoto ga jama'a duk bayan wata uku. Wannan kariya ce ga mai gaskiya, ba zargi ba ne.

3. Shawara. A faɗi abin da za a tattauna tun mako guda kafin zama. Kada a sa taro ranar kasuwa ko a tsakiyar noman farko, sannan a ce mutane ba su zo ba. Ƙarami ya fara magana kafin babba, gama a al'adarmu idan Baba ya riga ya faɗi ra'ayinsa bakin kowa ya mutu. Idan an yi magana da Turanci a fassara, wanda kuma ya fi sakewa da Warjanci a bar shi ya yi, wani ya juya. Magatakarda ya karanta abin da aka yanke kafin a tashi.

Game da mata, mu faɗi gaskiya. Zumuntar Mata ce ke ziyarar marasa lafiya, ita ke dafa abincin baƙi, sau da yawa kuma asusunta ya fi na kowa tsari. Ɗarikunmu sun bambanta a kan muƙaman da mace za ta riƙe, kowa ya bi tsarin ɗarikarsa. Amma babu tsarin da ya hana dattawa su kira Uwar Zumunta su ji bakinta kafin su yanke abin da mata za su ɗauki nauyinsa.

4. Takardu. Takardar fili, shaidar sayensa, rajistar baftisma da ta aure kada su kwana a akwatin mutum ɗaya. A yi kwafi, a ajiye ɗaya a ofishin gunduma, a ɗauki hotonsu a waya. Mutum uku su san inda suke. Gobara, ruwa da gara ba sa yin sallama.

5. Zumunci da maƙwabta. Hakimi, dagaci, mai unguwa da limaman gari su san fuskokin dattawanmu, ba ta fasto kaɗai ba. Mu je gaisuwar mutuwa, barkar haihuwa da barka da Sallah tare da su. Mu fito gayyar gyaran hanya da yashe rijiya. Ranar da wata magana ta taso fasto ba ya gari, dattijon da aka saba gani a ƙofar fada shi za a saurara.

6. Gado. Kowane muƙami ya sami mataimaki da ke koyon aikin, ya kuma sami wa'adi. Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun da za su koya wa wasu. Idan Allah ya kawo mana malami ko ma'aikacin jinya mai baiwa, mu roƙe shi tun ranar farko ya ɗauki ɗan gari ɗaya ya horar, domin baiwar ta zauna bayan ya tafi.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Wani zai ce yaran za su yi kuskure. Za su yi. Gara su yi shi muna kusa mu gyara, da su yi bayan ba mu. Wani zai ce shawara tana cin lokaci. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki: jinka ba ta hawa sai an kira mutane, an jira sun taru, kowa ya kama gefensa, an ɗaga lokaci guda. Jiran yana da daɗewa, amma wanda ya ƙi jira ya ɗaga shi kaɗai, bayansa zai karye jinkar kuma tana ƙasa. Wani kuma a zuciyarsa yana tsoron kada a daina girmama shi. Ubangijinmu da ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma aike su biyu biyu tun ba su gama fahimta ba, bai ragu da komai ba.

Gare ku kuma, dattawa da sauran jama'a: raba aiki ba izinin raina fasto ba ne. Diyotarifis da Yohanna ya ambata a wasiƙarsa ta uku, mai son zama na farko, ana iya samun irinsa a kujerar dattijo, ko ta ma'aji, ko ta wanda ya ba da filin majami'a. Ku biya ma'aikacinku hakkinsa a kan lokaci. Idan an ba ku aiki ku yi shi. Wanda ya nemi a ji bakinsa a taro, a gan shi kuma ranar ɗaukar ƙasa.

KAMMALAWA

Ga aikin da za mu koma da shi. Kafin wata uku, kowace ikilisiya ta zauna ta rubuta dukan ayyukanta, daga buɗe ƙofa da buga ƙararrawa har zuwa wa'azi da ajiyar takardu. A gaban kowane aiki a rubuta sunan mai yinsa, da sunan wanda zai yi idan ba ya nan. Inda suna ɗaya ya bayyana fiye da sau uku, ko inda gurbi na biyu ya zauna babu kowa, nan ne za a fara gyara. Ku zo da takardar a zamanmu na gaba mu duba tare, ikilisiya mai ƙarfi ta taimaki maƙwabciyarta.

A zamanin Nehemiya an gama garun Urushalima cikin kwana 52, domin firistoci, maƙera, 'yan kasuwa da 'yan mata kowa ya kama sashensa, da yawa a daidai ƙofar gidajensu. Allah da ya ba su zuciyar aiki ya ba mu irinta. Ya ba shugabanni alherin sakin hannu, ya ba jama'a ƙarfin kamawa, ya kuma ba ƙasarmu salama.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.