Jariri Da Harshe Biyu: Jawabi Ga Ɗaliban Ajin Yaƙi Da Jahilci Na Gwarzo Da Kabo



Kwanan baya a kasuwar Getso na ji wata Bafulatana mai tallan nono tana yi wa goyonta wasa da Hausa. Na ce, "Inna, ina Fulatancin?" Ta ce an gaya mata harshe biyu yana rikita yaro, ya hana shi magana da wuri. Wannan magana ce ta kawo ni gabanku yau, domin ba haka abin yake ba.

Masana sun gano cewa jariri ɗan wata 6 yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba. Kafin ya cika shekara ɗaya, kunnensa ya fara sabawa da abin da yake ji kullum, sauran kuma su fara shige masa duhu. Shi ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma yake fama da "ƙ" da "ɗ", mu kuma muke haɗa "p" da "f" a Turanci. Ni ma har yau ban tsira ba.

A 2003 wata malama a Amurka, Patricia Kuhl, ta gwada abin da jarirai 'yan wata 9. Wasu aka zaunar da su sau 12 da masu yi musu wasa da harshen Sin, wasu aka kunna musu a talabijin. Na farkon suka kama sautukan. Na talabijin ba su kama komai ba. Ashe rediyo ko waya ba za su yi miki aikin ba. Sai mutum, fuska da fuska.

To, mu nan daga Kutama har Garo muna da Fulatanci a rugage. Amma gidaje nawa ne na Fulani da kaka take ji, jika ba ya ji? Wadda take da shi ta yi wa ɗanta lokacin wanka da shayarwa. Hausa ba za ta ɓace masa ba, tana jiran sa a ƙofar gida. Yayan da ke firamare ko Islamiyya ya riƙa faɗa wa ƙaninsa sunayen kayan ɗaki da Turanci ko Larabci.

In yaro ya cakuɗa harsunan kada a tsawata masa, zai ware su da kansa. Amma in ya kai shekara 2 bai fara faɗin kalma ba, a kai shi asibiti a duba kunnensa.