Jawabi Ga Masu Kiwo Da Fataken Shanu: Yadda Za Mu Gane Cikin Saniya



Duk mai zuwa kwatar Oko-Oba a Agege ya sha ganin ɗan tayi yashe a ƙasa. Rai biyu ke nan aka sayar a kuɗin ɗaya! Likitan dabbobi kuwa ba kullum muke samunsa ba. To me zai hana mu koyi dubawa da kanmu?

Da farko mu riƙe lissafi. Saniya kan nemi sa duk bayan kwana 21. In an barbare ta, lokaci ya zagayo ba ta nema ba, mu sa mata ido. Cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki. Daga wata shida, a dunƙule hannu a tura kwiɓinta na dama, ƙasa-ƙasa, za a ji ɗan ya bugo hannun. Hagu kam tumbi ne, kada mu ruɗe.

Sa hannu ta dubura a taɓa mahaifa ya fi tabbas, tun daga wata biyu. Amma don Allah kada kowa ya fara sai gwani ya tsaya a kansa, hannun garaje na zubar da ciki. A yanke farce, a sa doguwar safar roba, domin bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yana kama mutum.