Gayyar Itatuwan Gida a Kwarin Rima



Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya sha inuwar dogonyaro. Baƙo ne daga Indiya, kuma ya yi mana rana. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaranmu sun san shi, amma ba su iya raba kanya da ɗinya, ba su san da bagaruwa majemi ke jima ba. A 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa, a bakin kakanninmu ya tsince su. Yau jikokin ne ke neman mai faɗa musu.

Kebbi na cikin jihohi 11 da ke shirin katangar itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Madalla. Sai dai dashen da ake yi ranar biki gaban 'yan jarida, sau da yawa awaki kan cinye shi kafin bazara.

Mu duba Maradi. Tun 1983 manoman can, tare da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, suka koma wa kututturen da ke toho a gona, abin da suke kira sassabin zamani. Manomi ya tsuguna gaban kututture, ya zaɓi tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa, ya hana dabba. Saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ta neman ban ruwa. Da haka kudancin Nijar ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Babban gwarzon aikin gawo ne: yana zubar da ganye da damina, don haka bai tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da bisashe.

Ga roƙona. Mu ware Asabar ɗaya a wata mu fita tattaki, daga tsaunin Dukku mu gangara fadama, wani watan mu bi gaɓar Matan Fada. Kada malamin jami'a ya ja gaba. A bar tsohuwa mai daddawa ta nuna ɗorawa da lokacin da kalwa ke nuna, makiyayi da masunci su faɗi nasu, ɗaliban Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Waziri Umaru su rubuta, su tara iri. Aikin gayya ne, mun gaje shi, ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

Iyayenmu hakimai da dagatai, ku ba mu izinin shiga gonaki da kare tohon da muka sa wa alama. Wanda ya shirya ya ba da sunansa kafin a watse.