Sunan Waƙa da Sunan Mai Ita: Laccar da Aka Gabatar a Matankari

 

Duk wanda ya taɓa saka faifan waƙa na Turai cikin kwamfuta, ya ga nan take sunan mawaƙi da na kowace waƙa sun bayyana a kan allo, alhali kuwa da ya saka faifan wani makaɗi namu na Dogondutsi ko Tibiri bai ga komai ba face lamba ɗaya, biyu, uku, da kalmar da ke cewa ba a san mai waƙar ba, lalle ya cancanci a bayyana masa sababin wannan bambanci.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, lokacin da kamfanonin Philips da Sony suka tsara faifan CD a 1980, ba su tanadi gurbin suna a cikinsa ba. Abin da ke farkonsa fihirisa ce kawai, mai nuna adadin waƙoƙi da inda kowacce ta fara, bisa lissafin da ya raba daƙiƙa ɗaya kashi 75. Sai a 1993 wani masani, Ti Kan, ya lura cewa da wuya faifai biyu mabambanta su dace a wannan lissafi, saboda haka ana iya mayar da shi hatimin gane faifai. Shi da Steve Scherf suka gina taskar CDDB, inda kwamfuta ke aika hatimin ta intanet, a maido mata da sunayen da wani bawan Allah ya riga ya zauna ya rubuta da hannunsa. Da taskar ta koma kayan ciniki da sunan Gracenote, masu sa kai suka kafa wasu, irin su MusicBrainz, wadda har yau ƙofarta a buɗe take ga kowa.

Ashe ke nan na'ura ba ta san kowa ba, riwaya take yi. Kuma mu da muka gaji malaman da ba su karɓar hadisi sai da isnadi, waɗanda ba su rufe littafi sai sun ambaci mawallafi da magabatansa, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, waƙoƙinmu sun bi ta kaset, daga kaset zuwa faifan da aka kwafa a kasuwa, daga nan zuwa katin waya, kuma kowane mai kwafa yana yanke tsawonsu yadda ya ga dama, har hatimin ya ɓace. Idan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sunansa ya tsira saboda shahararsa, to, ina makomar mai gurmi ko mai goge na ƙauye, da zabiyar da ta adana tarihin Sarauniyar Lugu da yaƙin 1899 a bakinta?

A Yamai akwai cibiyoyin IRSH da CELHTO, masu taskace muryoyin magabata, amma ba za su iso kowane gari ba. Roƙona ga ɗalibanmu da masu tura waƙa a kasuwar Matankari shi ne, kafin a tura waƙa, a rubuta cikin bayananta sunan mawaƙi, da garinsa, da wanda aka yi wa ita, da shekarar idan an sani. Abin da ya shige duhu kuwa, a je a tambayi dattawan da suka halarci wasan tun suna raye.